Me ya sa muka bar mai ihu muka nufi wanda ya yi shiru

Maganar da na fi ji idan aka zo hirar asibiti, a majalisa ne ko a gidan suna, ita ce wai ma'aikatan urjans, wato sashen gaggawa, ba su da imani, ka kawo mutum ƙafa a karye jini na zuba sai su tsaya suna leƙa bakinsa suna taɓa masa wuya suna tambayarsa sunansa. To ni dai anfirmiye ne, wato ma'aikacin jinya, a wani asibiti nan Garwa nake aiki, ba sai na faɗi wanne ba, kuma ban zo wanke kowa ba don akwai masu sakaci a cikinmu, wannan kam ba a musu. Amma leƙa bakin nan da tambayar sunan nan ba sakaci ba ne, shi ne ma aikin. Bari in ba ku yadda wani dare ya kasance mana tun daga bakin ƙofa har ɗakin tiyata.

Hunturu ne, irin daren nan da hazo ke sauka kan Binuwai har fitilar mota ba ta ganin gabanta sosai, kuma Lahadi ce kasuwar Pitowa ta ci, duk mai aikin dare a Garwa ya san ranar kasuwa sai ka ɗaura ɗamara don ƴan kilando, masu haya da babur, na ta kai da kawo, mutum uku kan moto ɗaya ga buhu a gaba. Bayan isha'i sai ga wata pikap ta shigo da gudu tana ta hon, babura na bin ta a baya. Mutum biyu aka sauke, ɗan kilando da fasinjansa, sun daki amalanken shanu ta baya, amalanken ba fitila ba komai a tsakiyar kwalta.

Fasinjan matashi ne, ƙwaurinsa na dama ya karye ƙashi ya huda fata ya leƙo fari fat, ihu yake yana salati yana kiran innarsa, kowa na kansa. Shi kuwa mai tuƙin an jingina shi da bango a zaune, ba wani jini a jikinsa in ban da ƙujewa a goshi da kafaɗa, bai ce uffan ba. Wani ma har cewa ya yi "likita wannan da sauƙi, ku fara da wancan." Majo ɗinmu, wato shugabar ma'aikatan jinya, mace ce da ta ga jiya ta ga yau a aikin nan, kallo ɗaya tai wa na jikin bangon ta ce min kai turo gado, wannan za mu fara shigarwa.

Nan fa aka fara surutu. Amma ku duba, mai ihu ya riga ya gaya mana abu uku tun bai sani ba, maƙogwaronsa a buɗe yake, huhunsa na cika da iska, kuma jini na isa ƙwaƙwalwarsa tunda har ya san innarsa. Abu ɗaya kawai ke sa mu tsaya kansa tun a ƙofa, shi ne in jini na tsartuwa ko yana kwarara irin wanda zai ƙarar da mutum cikin mintoci. Abokiyar aikina ta duba, ta tarar an ɗaure masa ƙafar da siririyar robar taya a ƙasan gwiwa, ɗaurin da bai kai ya tsayar da jinin da ke sauka ba sai dai ya tare wanda ke komawa sama, kun ga ƙara zubar ma yake. Ta kwance, ta tula bandeji ta danna da tafin hannu da ƙarfinta, ta sa yayansa ya ci gaba da dannawa ta ce kar ka ɗaga ka leƙa ko sau ɗaya. Jinin ya lafa. In da bai lafa ba sai a ɗaura da abu mai faɗi a saman ciwon, a murɗa har jinin ya tsaya cak, a rubuta lokacin a jikinsa.

Tsarin da muke bi sunansa ABCDE, kuma dokarsa guda ce, abin da zai fi saurin kashe mutum shi ake fara nema, ba abin da ya fi tayar da hankalin ido ba. Toshewar hanyar iska, wato A, na kashewa cikin mintoci kaɗan, matsalar huhu na biye ita ce B, sai zubar jini C, sai kai D, sai sauran jiki E. Ba a tsallake ɗaya, kuma duk abin da ka gano sai ka gyara shi nan take kafin ka wuce. Abin ma da ke burge ni da tarihinsa, ba daga wani katafaren asibiti ya fito ba. A 1976 wani likitan ƙashi ɗan Amurka, James Styner, ya faɗo da ƙaramin jirginsa a gonakin jihar Nebraska, matarsa ta mutu nan take ƴaƴansa suka ji munanan raunuka, da ya kai su asibitin ƙauye ya ga ma'aikatan ba su san ta inda za su fara ba. Shi ne shi da abokansa suka zauna suka tsara kwas na koyar da wannan tsarin, aka fara koyarwa a 1978, ga shi yau har mu nan bakin Binuwai da shi muke aiki.

Mun kwantar da mai tuƙin a gado mu huɗu, ɗaya ya riƙe kai da hannu biyu kada wuya ya motsa, don duk wanda ya faɗo daga moto muna ɗaukarsa a mai karayar wuya har sai an tabbatar ba haka ba ne. Kwalar wuya ta ƙare a daren, sai muka sa ledar ƙarin ruwa ɗaya ta dama ɗaya ta hagu muka bi goshi da filasta. Na sunkuya na ce "ɗan'uwa, ya sunanka?" Ya faɗa, da ƙyar, kalma ɗaya sai ya tsaya neman iska. To A ta wuce kenan, murya ta fito tas ba gurnani ba kakari, na haska bakinsa ba karyayyen haƙori ba gudan jini ba amai. Da a sume yake yana minshari, harshe ne ya koma baya ya toshe hanya, sai ka sa yatsu a bayan muƙamuƙi ka turo shi gaba ba tare da ka tanƙwara wuyan ba, ka zuƙe abin da ke bakin da inji. Muka sa masa oksijin.

A kan B ne abin ya tsaya. Na ƙirga numfashi, 36 a minti, lafiyayyen babba kuwa 12 zuwa 20 ne. Ɗan abin nan da muke maƙalawa a yatsa ya nuna 84, alhali ya kamata ya wuce 94. Majo ta sa almakashi ta tsarge rigar daga sama har ƙasa, sai ga shi ƙirjin dama na tashi yana sauka, na hagu ya kumbura ya tsaya wuri ɗaya. Likitan da ke aikin dare ya iso a lokacin, yaro ne matashi daga kudu, Faransanci yake ji, ni ke juya masa Hausa da Fillanci. Ya sa abin sauraro, dama iska na shiga, hagu tsit. Ya ƙwanƙwasa da yatsa amon fanko ya fito. Ya shafa ƙasan wuya, maƙogwaro ya karkace ya koma dama. Da ya taɓa haƙarƙarin hagu na ƙasa yaron ya zabura, fatar wurin na ƙaras ƙaras a ƙarƙashin yatsa, iska ce ta shiga ƙarƙashinta.

Abin da ya faru shi ne karyayyen haƙarƙari ya huda huhu, duk numfashin da ya ja iska na fita ta hudar tana taruwa a cikin ƙirji kuma ba ta da hanyar komawa, kamar tayar moto da ake ta buga wa famfo ba a tsayawa. Tana taruwa tana matse huhun, tana ture zuciya gefe, tana lanƙwasa manyan jijiyoyin da ke dawo da jini, ƙarshenta zuciya ta rasa abin bugawa. Wannan ba a kai shi radiyo a ɗauki hoto tukun, wanda ya ce sai ya ga hoto to a hanyar ɗakin hoton zai rasa mutum. Dokta ya ce a ba shi allura lamba 14, mai kaurin nan. Ya lalubo tsakiyar ƙashin nan da ke kwance daga wuya zuwa kafaɗa ya gangaro tsakanin haƙarƙari na 2 da na 3, ya soka ta saman na ƙasan, don jijiyoyi ta ƙarƙashin kowane haƙarƙari suke bi. Littafin kwas ɗin nan da aka sabunta a 2018 ya fi son a soka wa babba ta gefe, tsakanin na 4 da na 5 gaban layin hammata, amma yaron siriri ne ta gaban ma ta isa. Wallahi duk ɗakin sai da aka ji fiiiii ɗin iskar nan. Kafin minti biyu lambar yatsa ta hau 93, ya buɗe ido sosai ya ce "Alhamdulillahi", kalma cikakkiya.

Allura ta ɗan lokaci ce, tana iya toshewa ko ta lanƙwashe, don haka nan take aka kashe wurin da allurar kashe zafi aka tsaga gefen ƙirji aka zura roba mai kauri, ɗaya bakin na cikin kwalba mai ruwa a ƙasan gado. Kumfa ta yi ta fita, jini ma ya biyo amma ba mai yawa ba. A nan zan roƙi masu jinya, don Allah in kun ga kwalbar nan a ƙasa ku bar ta a ƙasa, kar ku ɗaga ta ku ɗora kan gado wai kuna shara, ruwan komawa zai yi cikin ƙirjin.

Kawunsa da ke leƙe ta taga ya ce to Alhamdulillahi an gama. Ina! Yanzu ma aka fara. Numfashi ya gyaru amma zuciya na gudu 130 a minti, hannunsa sanyi ƙalau yana zufa a cikin hunturun nan, na ja fatar idonsa ta ƙasa ta yi fari, na danna farcensa na saki, jan da ya kamata ya dawo cikin daƙiƙa 2 sai da ya ja lokaci. Tansiyon kuwa, wato awon hawan jini, 11 bisa 7, kai ka ce lafiya lau. To tansiyon ɗin matashi ba abin yarda ba ne. Babban mutum na da jini wajen lita 5, jikin saurayi na iya matse jijiyoyi ya riƙe awon nan har sai ya rasa kusan kashi 30 cikin 100, wato lita ɗaya da rabi, sannan ya faɗi gaba ɗaya. Wanda ya zauna jiran tansiyon ya sauka kafin ya yarda ana zubar da jini ya makara. Bugun zuciya da sanyin hannu da ƙishirwa su ke fara magana. Shi ma sai cewa yake "ruwa, ku ba ni ruwa", kawun har ya fasa leda da haƙori zai miƙo, Majo ta tare shi ta ce "Baba yi haƙuri, ko ɗigo kar ya sha, in za a yi masa aiki aka sa shi barci zai amayo ya shaƙe."

Jinin da ya ɓace ana nemansa a wuri biyar ne, a ƙasa wato wanda ya zuba waje, sai cikin ƙirji, cikin ciki, ƙugu, da cinyoyi. Mutane ba sa yarda in ka ce musu karayar cinya ɗaya tak na iya shanye lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba tare da ɗigo ya fito waje ba, ƙugu kuwa ya fi haka nesa. Waje babu, ƙirji mun ga abin da ya fito, cinyoyi lafiya. Ƙugu dokta ya taɓa sau ɗaya a hankali bai motsa ba, kuma sau ɗayan ne kawai, ba a ta jijjiga shi kowa ya zo ya gwada. Da ya buɗe, da zanin mace za mu naɗe shi mu ɗaure tamau, daidai kan ƙasusuwan nan biyu da ke saman cinya ta gefe, ba a kan cibiya ba inda mutane suka saba ɗaurawa. Saura ciki. Ya danna hagu ƙarƙashin haƙarƙari yaron ya yi ƙara ya ƙanƙame cikin, kuma tun ɗazu yake cewa kafaɗarsa ta hagu na ciwo alhali kafaɗar ba ta karye ba. Majo ta dube ni na dube ta, alamar fashewar saifa kenan.

Duk wannan ana yi ne hannuna na aiki, na sa masa manyan allurai biyu ɗaya a kowane hannu, na ɗibi jini na aika labo, wato ɗakin gwaji, a duba rukuni da yawansa. Na ɗora ledar ƙarin ruwa mai suna Ringer da muka ɗumama a cikin bokitin ruwan ɗumi. Lita ɗaya kawai. Da can ana ɗura wa mutum ruwa leda bayan leda har tansiyon ya yi kyau a takarda, yanzu an gane ɓarna ce, ruwan gishiri ba ya ɗaukar oksijin, yana tsinka sauran jinin ya hana shi daskarewa, kuma in ka tayar da awon da ƙarfi sai ya ture ɗan gudan jinin da ya fara toshe ciwon a ciki. In dai ba a bugu a kai ba, tansiyon 8 ko 9 ya ishe mu har a isa ɗakin tiyata, muddin yana magana ana jin bugu a wuyan hannunsa.

Sai Exacyl, maganin da ke hana gudan jini narkewa, giram 1 a jijiya cikin minti 10, wani giram ɗin a hankali cikin awa 8. Wani babban bincike da aka fitar a 2010, mai suna CRASH-2, da aka yi kan mutum sama da 20,000 a ƙasashe 40, shi ya nuna yana rage mutuwar masu zubar jini, amma fa sai an ba da shi cikin awa 3 da jin raunin, in an wuce haka ba ya amfani yana ma iya cutarwa. Shi ya sa muke nacin tambayar da ƙarfe nawa abin ya faru, jama'a kuma amsarsu ɗaya ce, "ɗazu". Ni na daina tambayar agogo, cewa nake an kira isha'i ko ba a kira ba? Wani ɗan kilando ya ce suna ɗaga su ana tada iƙama a masallacin bakin hanya. Shi kenan mun samu lokaci, ba a kai awa ɗaya ba.

Aka turo na'urar eko mai nuna cikin jiki a allo, dokta ya ɗora a wurare huɗu, ƙarƙashin ƙashin ƙirji wajen zuciya, dama tsakanin hanta da ƙoda, hagu wajen saifa, sai mara. Jini baƙi yake fitowa a allon. Ga shi nan kwance ta hagu, ga shi ta dama, har mara ya taru. Ledar Ringer ta ɗan sauko da bugun zuwa 115, ba a jima ba ya sake hawa, tansiyon ya zama 9 bisa 5. Ma'ana famfon a buɗe yake har yanzu. Aka buga wa likitan tiyata waya da mai sa barci.

D da E ba su ɗauke mu lokaci ba. Akwai ma'aunin hankali da wasu likitoci biyu suka fitar a birnin Gilasgo a 1974, ana ba da maki kan buɗe ido da magana da motsi, daga 3 zuwa 15, wanda ya sauka 8 ko ƙasa ba ya iya kare maƙogwaronsa da kansa. Namu ya samu 14, ya ɗan rikice kan ranar. Ƙwayar idonsa biyu daidai suke suna tsukewa da haske, yatsun hannu da na ƙafa duk suna motsi, suga lafiya. Wani daga waje ya ce ai ƴan kilando ne ƙila tramol ya sha, mu ba ruwanmu da wannan, rikicewa bayan hatsari bugun kai ne ko ƙarancin jini har sai an tabbatar da akasin haka. Muka yanke sauran kayan, kawun na ta cewa jaket ɗin sabuwa ce, layun da ke damtsensa na kwance da hannu na ba shi ya riƙe. Mu huɗu muka mirgina shi a tare kai da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya, dokta ya bi ƙashin baya da yatsa, ba komai. Nan da nan muka lulluɓe shi da barguna muka kashe fanka. Sanyi maƙiyin mai zubar jini ne, in zafin jiki ya sauka ƙasa da 35 jini ba ya daskarewa yadda ya kamata, kuma wannan ko a watan Maris da Garwa ke wuce 40 yana faruwa, balle a hunturu mutum tsirara ana ɗura masa ruwa.

Yanzu ga inda raina ke ɓaci kullum. Jini. A firjin labo leda ɗaya ce ta dace da rukuninsa, muka ɗora, amma ana buƙatar ƙari kafin a buɗe cikin. Na fita baranda inda mutane suka cika maƙil tun ɗazu har muna roƙonsu su ba mu hanya, na ce jama'a ana neman masu ba da jini. Kafin in rufe baki baranda ta yi sarari. Wannan ya ce shi jininsa kaɗan ne, wancan ya ce bai ci abinci ba, wani ya ce zai je ya ajiye moto ya dawo, har yau. Wasu tsoron sakamakon gwaji suke, wasu sun yarda wai yana rage ƙarfin namiji, ƙarya ce tsagwaronta. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, wajen mililita 450, ruwansa na dawowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu sauran kuma cikin ƴan makonni, in ka kai shekara 18 da kilo 50 kana da lafiya ba abin da zai same ka. Kuma ba duk wanda ya miƙa hannu ake karɓa ba, sai an gwada ƙanjamau da ciwon hanta iri biyu da tunjere, ciwon hanta nau'in B kuwa yana da yawa a yankinmu, don haka in ana son leda uku gara mutum shida su zo.

Waɗanda suka tsaya su ne ƴan kilando, duk da zagin da ake musu a gari. Ɗaya ya tura saƙon murya a gurup ɗinsu na WhatsApp, kafin rabin awa sun yi layi a ƙofar labo da hulunan sanyinsu, har da wanda bai ma san yaron ba.

Sai sa hannu. Kawun ya ce shi ba zai iya ba sai uban yaron ya zo daga ƙauye da safe, tiyata ba wasa ba ce. Ban ga laifinsa ba, ɗan wani ne a hannunsa. Majo ta ja shi gefe ta ce "Baba, cikin yaron nan jini ne ke zuba, duk ledar da muka ɗora ta nan take bi ta fita, safiyar da kake cewa ba lalle ya gan ta ba. Kira yayanka yanzu in yi masa bayani da bakina." Aka kira, uban ya yi shiru a waya sannan ya ce a yi abin da ya dace, Allah ya ba da sa'a. Kawun ya dangwala yatsa. Kafin a tura shi na yi masa tambayoyin nan biyar da ba a bari, akwai maganin da jikinsa ba ya so, yana shan wani magani, yana da wata cuta, yaushe ya ci abinci, kuma ya abin ya faru. Ya ce kan moton ne ya dake shi a haƙarƙari da ya kifa. Na sa robar fitsari don mu riƙa auna abin da ƙoda ke fitarwa, na rubuta komai da lokacinsa a takarda, na tura gadon da kaina har ƙofar bulok, wato ɗakin tiyata, ina riƙe da kwalbar ƙirjin a ƙasa, na karanta wa mai sa barci abin da aka yi ɗaya bayan ɗaya.

Ni aikina ya tsaya nan. Daga baya mai sa barcin ya ce min saifar ta dare gida biyu, cire ta aka yi, jinin da aka kwashe a cikin ya kusa lita 2, kuma da yake hanji bai fashe ba sun tace wani ta cikin gos, ƙyallen nan na bandeji, sun mayar masa.

Na dawo kan fasinja, wanda yayansa ya riga ya gama yi mana Allah ya isa a baranda. Shi ma daga A aka fara masa har E, ba don ƙafa ce ke ciwo a tsallake sauran ba, abokiyar aikina ta yi masa tun muna ciki ta ba shi maganin zafi. Da muka buɗe ciwon sai warin man birki, wani mai taimako ya tsiyaya masa a bakin hanya wai yana tsayar da jini. Don Allah a daina, man birki da fetur da toka da ƙasa duk ƙona nama suke su ƙara mana aikin wanki. Tsumma mai tsabta da dannawa ya wadatar. Muka wanke da ruwan gishiri mai yawa, allurar kashe ƙwayoyin cuta tun da wuri, allurar tetanus, muka miƙar da ƙafar muka ɗaure da katako, muka taɓa bayan ƙafar bugu na nan yatsu da ɗumi. Washegari dangi suka zo da maganar mai ɗori. Ni ban raina masu ɗori ba, amma karayar da ƙashi ya fito waje ya sha ƙasar kwalta, in aka tura shi ciki aka naɗe da kara aka matse, ruɓewa take, kuma irin su ne ke dawo mana bayan mako biyu ƙafa ta yi baƙi sai yankewa. Da ƙyar suka bari aka sa masa ƙarfe ta waje.

Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Mu ba mu buƙatar rahoto, rajistar urjans ta ishe mu. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake kawo su, a zaunar da mutum a sume kan moto tsakanin mutum biyu kai na lilo. In akwai hali a kira ƴan kwana-kwana a 118, in babu a samu pikap ko mai ƙafa uku a kwantar da shi a miƙe kan ƙofa ko faffaɗan katako, ɗaya ya riƙe kai.

Ɗan kilandon ya kwana biyu ana sa masa ido sosai. Da muka sake bin jikinsa daga kai har tafin ƙafa bayan ya farfaɗo, kamar yadda ake yi wa kowa, sai ga ƙaramar karaya a wuyan hannun hagu da zafin ciki ya ɓoye, aka sa filasta. Robar ƙirji ta fita da huhun ya buɗe kumfa ta daina. Ranar sallama na zaunar da shi da kawun na ce to ka ji, yanzu ba ka da saifa, ita ce ke tace jini tana taya ka yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da wasu ƙwayoyin cuta, don haka gidan sauro ya zama dole ko ba damina ba, duk zazzaɓin da ya kama ka ranar za ka zo asibiti ba sai ka gwada na kanti ba, ka je a yi maka rigakafin ciwon huhu da na sanƙarau tunda yankinmu na sanƙarau ne, kuma duk likitan da ka je wurinsa ka fara gaya masa an cire maka saifa. Na rubuta masa a ɗan kati da Faransanci ya sa a aljihu. Bashin farmasi kuwa abokan sana'arsa ne suka yi karo-karo suka biya mafi yawa, ragowar kawun ya sayar da buhunan masara ya cika.